Amfilifayar da Na Haɗa daga Gawar Tsohuwar Rediyo

Rediyon da ta zo hannuna ba ta da sauran abin da za a ceta a matsayinta na rediyo. Danshi ya daɗe yana cin akwatin katakonta har ya kumbura ya ɗaɗɗaye, gilashin da aka jera sunayen tashoshi a kansa ya tsage gida uku, ɓeraye kuma sun cinye takardar lasifikar sun bar ƙarfen kawai. Ba na son a farke tsohuwar na'urar da ke da sauran numfashi don kawai a ciri taransifomarta, domin ɓarna ce da ba a iya mayarwa, amma wannan ta riga ta wuce gyara. Da na zaro shasin ƙarfen da aka ɗora kayan a kansa na kaɗe ƙura, sai na tarar da bawuloli shida tsaye a gurabensu: ECC85, ECH81, EF89, EABC80, EL84 da EZ80, wato jerin da masu ƙera rediyo a Turai suka saba amfani da shi a ƙarshen shekarun 1950 da farkon shekarun 1960. Huɗun farko aikinsu kama tasha da fito da sautin da ke cikinta, don haka ba su cikin lissafina. Biyun ƙarshe kuwa, idan aka haɗa su da taransifomomi biyun da ke ɗaure a gefe, sun fi rabin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Ga wanda bai taɓa riƙe bawul a hannunsa ba, kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta aka liƙe. A tsakiya akwai siririn bututu da ake kira katod, wanda wani zaren ƙarfe ke gasawa daga ciki har ya riƙa sakin ilektiron, a kewaye kuma akwai anod, ƙarfen da ake ba wuta mai ƙarfin bolt ɗari biyu zuwa uku domin ya janyo su. John Ambrose Fleming ne ya ƙera bawul na farko mai sassa biyu a Ingila a 1904, sannan a 1906 Lee de Forest a Amurka ya ƙara sashe na uku, wata raga ta siririyar waya da daga baya ta zauna tsakanin katod da anod. Wannan ragar ita ce linzamin bawul. Ɗan ƙaramin motsin wuta a kanta yana sauya yawan abin da ke kwarara zuwa anod, kuma ta haka ne ƙaramin sauti ke zama babba. Sharaɗin shi ne ragar ta kasance ƙasa da katod da 'yan bolt kaɗan a kowane lokaci. Idan linzamin ya saki, bawul zai yi ta jan wuta har ya ƙone kansa. Na san wannan tun kafin in fara aiki, amma sai da na gan shi da idona sannan ya zauna mini.

Tsarin da na zaɓa shi ne mafi sauƙi. EZ80 zai karɓi wutar AC mai kai-kawo daga babbar taransifoma ya mayar da ita DC mai tafiya gefe guda. ECC83, wanda na ciro daga wata matacciyar rakoda mai faifan zare, zai ɗaga ƙaramin sautin da ke shigowa; wannan bawul, da Amurkawa ke kira 12AX7, kamfanin RCA ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, kuma bawul biyu ne a kwalba ɗaya, amma rabi ɗaya ya ishe ni. Daga nan sai EL84 ya yi aikin ƙarfi ya tura lasifika ta hanyar ƙaramar taransifomar sauti. Takardar bayanin EL84 ta fayyace yadda ake tafiyar da shi shi kaɗai: bolt 250 a anod, ragarsa ƙasa da katod da bolt 7.3, miliamfiya 48 na ratsa anod, nauyin da yake so ya tura om 5,200, kuma zafin da anod zai iya ɗauka iyakarsa wat 12. Waɗannan alƙaluma na kwafe a takarda na manna a bango gaban teburin aiki, domin duk awon da zan yi nan gaba da su zan kwatanta.

Kafin in ci gaba, akwai irin tsohuwar rediyon da ban yarda kowa ya ɗauka a matsayin tushen aikinsa ba, wato wadda ba ta da babbar taransifoma sam. Ana gane ta da bawuloli irin su UL84 da UY85, waɗanda ake jera zaren dumamarsu a layi ɗaya a jona kai tsaye da wutar gida, haka ma yawancin ƙananan rediyoyin Amurka masu bawul biyar. A irin waɗannan, shasin kansa yana iya ɗaukar wutar gida gaba ɗayanta, kuma akwatin katako ko na roba ne kaɗai ya raba mai ita da mutuwa. Tawa tana da taransifoma mai raba wutar gida da sauran na'urar, shi ya sa na amince da ita.

Tantance kayan ya ɗauke ni lokaci fiye da haɗa su, kuma a nan ne aikin kayan tsintuwa ya bambanta da na sababbi. Sabon abu ana iya yarda da abin da aka rubuta a jikinsa, tsoho kuwa ya yi shekara sittin yana shan zafi da sanyi da danshi, rubutun jikinsa labarin ƙuruciyarsa ne kawai. Na fara da bawuloli. A saman kowace kwalba daga ciki akwai wani tabo mai sheƙi kamar bayan madubi, wanda sinadarin bariyam ne da aka fesa domin ya tsotse ragowar iska. Muddin yana sheƙi ko ya yi duhu, kwalbar a rufe take, idan kuwa ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu. Duka ukun da nake buƙata suna sheƙi. Na goge su da busasshen ƙyalle ina kauce wa rubutun, domin lambar da ke jikin tsohon bawul tana bin ɗanyen tsumma a shafa ɗaya, daga nan kuma sai dai a yi ta hasashen sunansa. Rezistocin kabon masu zoben launi kuwa, wato ƙananan kayan da ke rage gudun wuta, yawancinsu sun gudu sama: wadda zobenta ya ce om 100,000 mita ta nuna 138,000. Na zubar da su duka ban da biyu. Manyan kwandansoshin gwangwani masu ruwan sinadari a ciki ma, wato kayan da ke tara wuta su riƙe ta, ban tsaya shawara a kansu ba, domin ruwan ya bushe, ɗaya ma ta yi kumfa fari a gindinta, sai na nemo sababbi masu jure bolt 450.

Taransifomomi su ne dukiyar gaske a cikin irin wannan gawa, don haka a kansu na fi daɗewa. Babbar na bi naɗe-naɗen wayarta ɗaya bayan ɗaya da mita, na tabbatar babu wanda ya yanke kuma babu wanda ke taɓa ƙarfen jikinta, sannan na ba ta wuta ba tare da an ɗora mata komai ba na bar ta rabin sa'a. Da na cire filogi na dafa ta, ɗumi kaɗan na ji, babu ƙaurin fenti, alamar babu naɗin da ya haɗe da ɗan'uwansa a ciki. Ta ba da bolt 250 a kowane gefe na wayar tsakiya, da kuma naɗin bolt 6.3 na dumama.

Ƙaramar taransifomar sauti ce ta koya mini abin da ban zata ba. Babu wani rubutu a jikinta, ni kuma ina da lasifika mai om 8 da na riga na tanada. Hanyar gane halinta ba ta da wuya: a ba naɗin farko ƙaramar wutar AC, a auna abin da ya fito a naɗi na biyu. Na ba ta bolt 6.3, ta fito da 0.175, wato naɗin farko ya ninka na biyu sau 36. Taransifoma tana ninka nauyin lasifika ne da wannan adadin sau kansa, wato 36 sau 36, wanda ya ba da 1,296. Lasifika mai om 4 za ta bayyana wa EL84 a matsayin om 5,184, kusan daidai da abin da takardarsa ta nema, amma tawa mai om 8 za ta zama sama da om 10,000, ninki biyu na abin da ya dace. Da na jona ta haka nan, amfilifayar za ta yi magana, sai dai ƙarfinta zai ragu, ni kuma in yi ta zargin bawul da tsufa alhali laifin na lissafi ne. Na ajiye waccan lasifikar na nemo mai om 4.

Akwai abu ɗaya da na bari ya wuce ba tare da cikakken bincike ba. A cikin kayan akwai wata kwandansa ta takarda da aka lulluɓe da kakin zuma, mai maikurofarad 0.022, tsaf da ita ba tsaga ba tabo. Na ɗora mata mita, ta nuna adadinta kusan daidai, kuma babu alamar wuta na ratsa ta. Ina da sha'awar a ce yawancin abin da ke cikin amfilifayar daga tsohuwar rediyon ya fito, sai na sa ta a wuri mafi hatsari, tsakanin anod na ECC83 da ragar EL84.

Game da tsaro ba ni da sassauci, kuma ina roƙon duk mai sha'awar wannan aiki kada ya yi. Bolt 280 na DC na iya kashe mutum, kuma kwandansa tana riƙe da wutarta bayan an kashe na'ura an cire filogi. Na sa fis a hanyar shigowar wuta, na yi amfani da waya mai ƙafa uku na ɗaure wayar ƙasa a jikin shasi da nata kusoshi ita kaɗai, sannan na gicciya rezista mai om 220,000 da wat 2 a kan babbar kwandansa domin ta riƙa tsiyayar da wutar a hankali bayan an kashe. Duk da haka ba na sa hannu a ciki sai mita ta shaida mini cewa wutar ta sauka. Idan kuma dole ne in yi awo na'ura na kunne, nakan maƙala baƙar wayar mita a shasi tun kafin in kunna, in riƙe jar da hannu ɗaya, ɗaya hannun a bayana, domin kada wuta ta sami hanyar ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Haka nan ba a kunna amfilifaya mai bawul ba tare da lasifika a jone ba, domin idan sauti ya shiga babu inda ƙarfin zai tafi, wutar kan yi tsalle a cikin taransifomar sauti ta huda rufin wayoyinta.

Kunnawar farko na yi ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60, da na jera a layi ɗaya da wayar wuta. Dabara ce tsohuwa mai amfani ƙwarai: idan akwai inda wayoyi suka haɗe, ƙwan zai haska sosai ya shanye ƙarfin wutar kafin wani abu ya ƙone, idan kuma lafiya, zai yi haske na ɗan lokaci ya dushe. Ƙwan zamani mara zare ba ya wannan aikin. Nawa ya haska ya dushe, zaren bawuloli suka yi ja kamar garwashi, bayan daƙiƙa goma sha wani abu mita ta fara hawa. Da na cire ƙwan na ba ta wuta kai tsaye, abu na farko da ya fito shi ne wutar dumama ta kai bolt 6.9 a maimakon 6.3. Dalilin a fili yake da na zauna na lissafa. An naɗa taransifomar ne don ta ciyar da bawuloli shida da fitilun gilashin tasha, kusan amfiya 3, ni kuwa uku kawai na ɗora mata: 0.76 na EL84, 0.6 na EZ80, 0.3 na ECC83, jimla 1.66. Ga shi kuma an bar mazaɓin wutarta a kan 220 alhali abin da ke shigowa ya fi haka. Na mayar da shi kan 240, wutar dumama ta sauko 6.4, na bar ta a nan, domin yawan zafi yana gajarta ran katod.

Daga nan sauti ya fito, kuma na minti biyar na farko ban ji wani aibu ba. Sannan a hankali muryar ta fara shaƙewa, manyan sautuka suna fitowa a daddatse kamar ana magana ta cikin tsumma, wani ƙauri mai kama da na ƙarfen guga da aka manta a kan tufa ya fara tashi. Na kashe fitilar ɗakin na duba EL84. Ban da jan zaren da ke tsakiya, wanda shi daidai ne, sai ga wani tabo ja mai duhu, kamar girman farce, a gefen anod ɗin da ya kamata ya kasance toka-toka, kuma ina kallo yana faɗaɗa. Na kashe nan take.

Na jira komai ya huce, sannan na kunna na ɗan gajeren lokaci ina awo. A ƙarƙashin katod na EL84, ƙafa ta 3, na sa rezista mai om 150, kuma wutar da ke kanta ita ce ke faɗin yawan abin da bawul ke ja: bolt 7.5 ya kamata in gani, wato miliamfiya 50. Na ga 9, ta wuce 10, ta kai 11.5 tana neman ƙari, wanda ke nufin wajen miliamfiya 77, kuma anod na ɗauke da zafin da ya kai kusan wat 16 a inda iyakarsa 12. Shi ma EZ80, da ba a yarda ya wuce miliamfiya 90 ba, an kusa kai shi bango. Sai na koma ƙafa ta 2, wato ragar, inda ya kamata mita ta nuna sifili. Ta nuna bolt 6 sama da sifili. Abu biyu ne ke iya jawo haka: ko bawul ɗin kansa ya tara iska a ciki, ko kuma wuta na yoyo daga matakin baya. Rabe su ba wuya. Na kashe, na zare EL84 daga gurbinsa, na sake kunnawa na auna ramin ƙafa ta 2, sai ga wutar tana nan ba bawul. Ba laifinsa ba ne ke nan.

Kwandansar kakin zuman ce. Aikinta ta bar sauti ya wuce ta tare DC, domin a gefenta ɗaya akwai bolt 150 na anod ɗin ECC83, a ɗaya gefen kuma raga mai bukatar sifili. Takardar da ke cikinta ta sha danshin shekaru ta zama hanya. Idan aka raba bolt 6 da om 470,000 na rezistar da ke ɗaure ragar da ƙasa, yoyon bai wuce maikuro'amfiya 13 ba, wanda ke nuna juriyar kwandansar ta sauko zuwa wajen om miliyan 11. A kunne adadi ne mai girma, amma a wannan gurbin ya isa ya kashe bawul, ya kuma iya tafiya da taransifomar sauti da ba ni da madadinta. Abin da ya ruɗe ni tun farko shi ne mitar hannu da ɗan ƙaramin batirinta take gwaji, a sanyi, alhali yoyon irin wannan kwandansa sai an ɗora mata wuta mai ƙarfi ta kuma ɗumama yake bayyana, yana ƙaruwa da zafi, shi ya sa minti biyar na farko suka wuce lafiya. Na maye gurbinta da sabuwa ta roba mai jure bolt 630, ragar ta koma sifili, ja ya ɓace. Tun daga ranar matsayina a kan kwandansar takarda ɗaya ne: komai kyanta, ba ta shiga inda akwai wuta mai ƙarfi. Masu cewa tana da wani daɗin sauti na musamman ban hana su ra'ayinsu ba, amma ban ga daɗin da ya kai a sadaukar masa da taransifomar da aka daina ƙerawa ba.

Matsala ta gaba ba ta ɗau lokaci ba. Na so in mayar da ɗan kaso na sautin da ke fita zuwa katod na ECC83 a juye, dabarar da Harold Black ya ƙirƙiro a 1927 domin rage gurɓatar sauti. Ina jona wayar, na kunna, sai lasifika ta ƙwalla wata ƙara mai huda kunne tun kafin in taɓa maɓallin murya. Sautin ya komo ne a miƙe maimakon a juye, yana ƙara wa kansa ƙarfi. Na sauya wayoyi biyu na naɗin farko na taransifomar sauti, wannan ta koma wurin waccan, ƙarar ta ɗauke. Wani ƙas-ƙas da ke zuwa jefi-jefi kuma na gano shi da tsinken itace, ina ƙwanƙwasa kaya ɗaya bayan ɗaya har na zo kan gurbin ECC83; ramukansa sun yi tsatsa sun saki, na wanke su na matse.

Ƙugi ne ya cinye mini makonni. Amfilifaya mai bawul ɗaya a matakin ƙarshe ba ta da gatan da mai bawul biyu masu tura-da-ja take da shi, inda ƙugin gefe ɗaya ke kashe na ɗayan, don haka duk wani datti da ke cikin wutarta sai ya fito a lasifika. Abin da ya taimake ni shi ne na daina ɗaukar ƙugin a matsayin abu ɗaya, na fara sauraron muryarsa da lokacin zuwansa. Inda wutar gida ke kai-kawo sau 50 a daƙiƙa, ƙugi mai zurfi na sau 50 yakan fito ne daga wayoyin dumama ko daga maganaɗisun taransifoma, mai ɗan tsini na sau 100 kuma daga wutar DC da ba ta tacu ba. A ƙasashen da ke kan sau 60, adadin ya zama 60 da 120. Ni duka na same su, a jere kamar ɓawon albasa, sai an cire ɗaya ake jin na ƙarƙashinsa.

Na farko yana zuwa ne da zarar an danna makunni, tun bawuloli ba su yi zafi ba, kuma bawul mai sanyi ba ya wuce da komai, saboda haka ba ta cikinsu yake bi ba. Maganaɗisun babbar taransifoma ne ke shiga ƙaramar kai tsaye, domin na ɗaure su kusa da juna suna fuskantar gefe ɗaya. Na kwance ƙaramar, na zare bawuloli duka, na jona abin saurare na kunne a naɗinta na farko, na kunna babbar ita kaɗai, sannan na riƙa juya ƙaramar a hankali a kan shasi ina saurare. A wani kusurwa, kusan a gicciye da babbar kuma da ɗan nisa, ƙugin ya nutse har ya kusa ɓacewa. Nan na yi alama na huda sababbin ramuka.

Na biyu mai tsini ne, kuma yana nan ko da na zare ECC83, wanda ya nuna daga wutar DC yake. Abin da zuciya ke fara rayawa shi ne a ƙara girman kwandansar farko, amma EZ80 bai yarda a wuce maikurofarad 50 ba, domin babbar kwandansa tana fizgar wuta da ƙarfi a kowane zagaye har ta raunata katod ɗinsa. Sai na ƙara mataki guda a bayanta: rezista mai om 330 da wat 5, sannan wata kwandansa mai maikurofarad 47. A kan kai-kawo sau 100, wannan kwandansar tana tsayawa ne kamar om 34 kacal, don haka dattin ya ragu kusan sau goma. Rezistar ta ci bolt 17, wanda dama ina neman hanyar rage shi, domin bayan gyaran farko lissafi ya nuna anod na ɗauke da wat 12 da ɗoriya.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓuya, kuma ni na shuka shi da hannuna. Na ɗauka shasi ƙasa ce guda ɗaya, duk inda aka ɗaura waya daidai ne, shi ya sa na ɗaure wayar tsakiya ta babbar taransifoma a wannan kusurwa, gindin kwandansar farko a waccan, mashigar sauti kuma ta faɗo tsakaninsu. Alhali tsakanin waɗannan wurare biyu ne wuta ke gudu a fizge sau 100 a daƙiƙa, kuma ko da juriyar ƙarfen ƙanƙanuwa ce, ɗan abin da ya faɗi a kansa ECC83 zai ɗauka ya ninka shi tamkar waƙa. Na kwance duka. Wayar tsakiya na kai ta kai tsaye gindin kwandansar farko, daga nan na ja waya mai kauri ɗaya da ta bi matakai a jere, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, ta taɓa shasi a wuri ɗaya tak kusa da mashigar sauti. Wayoyin dumama kuma, waɗanda a tsohuwar rediyon aka ɗaure gefensu ɗaya a shasi, na tufka su biyu kamar igiya na kwantar da su a lungun shasi nesa da raga, na sa rezista biyu masu om 100 daga kowane gefe, na haɗa tsakiyarsu da katod na EL84 domin su zauna a kan bolt 7.5 maimakon sifili. Bayan wannan, sai na kusa manna kunne da lasifika nake jin saura.

Yanzu awon ya tsaya inda nake so: bolt 7.5 a katod, wato miliamfiya 50, wanda kusan 45 daga ciki na anod ne, bolt 250 tsakanin anod da katod, zafi wajen wat 11, raga a kan sifili ko bayan sa'a uku tana aiki. Takardar EL84 ta yi alƙawarin wat 5.7, amma wannan da gurɓatar kashi 10 cikin ɗari ne, don haka abin da nake samu mai tsabta bai kai haka ba, kuma ƙaramar taransifomar rediyo ba ta da ƙarfen da zai ɗauki sautuka masu zurfi sosai, ana jin gangar ƙasa ta yi sirara. Muryar mutum da kayan kiɗa masu tsirkiya kuwa suna fitowa a sarari, da wani kauri da nake jin daɗinsa, kuma da lasifika mai saurin amsawa wat uku sun cika ɗaki. Na rubuta duk alƙaluman da kwanan wata a wata 'yar takarda na manna a cikin murfin ƙasa, domin EL84 ɗin ya riga ya yi aikin shekaru a rediyo kafin ya zo gare ni, ya kuma sha wuya a hannuna na 'yan mintoci. Duk bayan wata biyu nakan juya amfilifayar in ɗora mita a ƙafa ta 3. Ranar da na ga adadin ya sauko ƙasa da bolt 6.5, zan san katod ɗinsa ya fara gajiya, in fara neman wani.